Yadda Na Je Kaduna Cire wa Ƙanena Sunan Bature

Ana sallame sallar asuba muka kama hanya, ni da wani aminina mai fataucin goro, ko koko ba mu tsaya sha ba. Damina ta yi tsakiya, makarantar da nake koyarwa tana hutu, shi ya sa ma aikin ya faɗo kaina. Tun da na dawo mutane ke tare ni a hanya suna cewa, "Malam, yaya Kaduna?" Ni kuwa sai in ce lafiya lau in wuce, don ban san ta inda zan fara ba. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya hutar da ni, amma ban yi alkawarin wanda ya karanta zai fi ni ganewa ba.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu wanzamai ne kaka da kakanni. Mahaifinmu shi ne Sarkin Askan garinmu, gidaje da yawa shi ke yi musu askin suna da kaciya da ƙaho, kamar yadda ubansa ya yi wa iyayensu. Mu biyu ne 'ya'yansa maza. Ni ne babba, amma Allah bai ba ni hannu ba. Ko kaza aka yanka a gabana sai na nemi bango na dafa, saboda haka da aka zo ɗibar yara makarantar boko, Baba bai ko yi gardama ba ya miƙa ni. Ƙanena Habu shi ne mai hannu, tun yana ƙarami in ya riƙe aska sai ka rantse da ita aka haife shi. Shi ne kuma ya tashi wata rana ya ce ya gaji da zama gindin bango yana jiran kawunan mutane, ya tafi Kaduna aikin lebura.

Bana yanar ido ta fara rufe ganin Baba. Hannunsa na nan daram, ganin ne ke cin amanarsa, ya kuma san lokaci ya yi da zai miƙa zabira, wato jakar fatar nan ta kakanmu mai ɗauke da asake da ƙahoni. Ana cikin haka wani direba ɗan garinmu ya kawo labari cewa ya ga Habu a Kaduna, amma ba mai kiransa Habu, Kanjemi ake ce masa, sunan Baturen da yake wa aiki. Ranar Baba bai taɓa tuwo ba. Ya kira ni zaure ya ce, "Ka tafi ka gano mani. In ya yar da sunan da na yanka mashi rago, ka cire mashi na Nasaran, ka taho mani da shi. Zabirar ga ba ta komawa hannun bare ina da rai." Da wannan saƙo na fita, da aminin nawa da ya rantse ya san Kaduna kamar yunwar cikinsa.

Motar da muka samu a bakin kasuwa mai bodin katako ce, an loda buhunan gero da fatu da akurkin kaji, mu kuma aka ɗora mu a sama kan sule da sisi kowane mutum. Ba mu yi nisa ba muka tarar an gicciya sanda a hanya. Ashe an yi ruwa a can, kuma doka ce in an yi ruwa manyan motoci su dakata sai ƙasa ta sha, kada su kwaɓe hanyar. Mai tsaron sandar wani dattijo ne da ba ya gaggawa. Can sai ya tashi ya je ya danna jar ƙasar da diddige, ya girgiza kai, ya koma ya zauna. Abokina ya ce in bar shi da shi, ya zaɓi farin goro babba ya kai masa. Dattijo ya karɓa hannu biyu, ya sa albarka har ga iyaye, ya fasa ya ci, sanda kuwa tana nan inda take. Sai da rana ta take muka wuce, mun cika ciki da gasasshiyar masara da furar matan ƙauyen, waɗanda na ga alama ba su da wata addu'a da ta wuce a yi ruwa.

Saboda wannan jinkiri jirgin ranar ya wuce mu a Funtuwa, muka kwana a zauren wani dillalin goro, washegari muka shiga. Taragon talakawa benci ne na katako, in ka leƙa taga kuma garwashin gawayi ya faɗa maka ido. Hirar cikin jirgi duk ta mulkin kai ce. Wani tsoho mai ɗauke da tandun man shanu ya tambaya ko in Turawa za su tafi za su naɗe layin dogon su tafi da abinsu, aka yi ta dariya, amma na lura ba wanda ya ba shi amsa. A Zariya muka sauya jirgi, muka ci waina mai zafi da miyar taushe. A nan na tambayi wani ma'aikacin jirgi ko ya taɓa jin Bature mai suna Kanjemi. Ya ce wane irin Bature, na Ingila, ko na Faransa, ko Kwara ɗan Labanan mai kanti, ko na Italiya masu gini? Ni da nake koya wa yara taswirar duniya, a raina Bature dai Bature ne, Di'o da likita da mai duba makarantu. Daga nan kaina ya fara ɗaurewa, bai kuma kwance ba har yau.

Kaduna tasha biyu gare ta, abin da abokina ya manta ya gaya mini, ko kuma shi ma ranar ya sani. Da jirgi ya tsaya a ta farko na ɗauki ƙunshina, ya riƙe mini riga ya ce wannan ta Turawa ce, tamu tana gaba. Muka ƙetare kogi, muka sauka a ta biyu, muka tambayi inda ake gine-ginen gwamnati, aka nuna mana bayanmu, wato inda muka baro. Haka muka sake takowa ta kan gada da ƙafa, shi yana gaba yana bayanin cewa a zamanin da ya zo ba haka garin yake ba. Kogin ya cika ya yi jawur. Abokina ya ce kadoji ne suka ba garin suna, na tsaya na leƙa iya leƙena, ko wutsiyar ɗaya ban gani ba.

Garin kansa ya rikita ni. Ba ganuwa, ba ƙofar gari, ba fadar da mutum zai sa a gaba ya san gabas da yamma. Tituna ne miƙaƙƙu da itatuwa a jere, wannan kamar wancan, akawuna suna wucewa a kan kekuna da gajeren wando da doguwar safa, suna kaɗa maka ƙararrawa kamar kai ka tare musu arziki. Duk wanda ka tambaya ɗan ina ne sai ya ambaci wani gari, har sunayensu ma haka suke, wane Bida, wane Yola, wane Gusau. Muka sauka a Unguwar Sarki wurin wani ɗan garinmu da ke aikin masinja a ofishin gwamnati. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa, tana ba ni labarin cewa a nan itace saye ake, kuka saye ake, ƙwan da muke kyauta da shi a gida kwabo ne guda. Da safe aka kawo shayi da burodi. Burodin nan na ci rabin sanda, na tashi ina jin kamar iska na haɗiya.

Mai masaukinmu bai san Habu ba. Ya ce Habu a Kaduna ai sun fi a ƙirga, amma Kanjemi ya ji sunan, Bature ne mutumin Italiya da ke kula da ginin gidajen ma'aikata ta wajen Malali. A nan na yi wautar da ta jawo mini wahalar yini guda. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa cewa ɗan Sarkin Aska guda yana yawo da sunan Nasara, sai na yanke shawarar in riƙa tambayar Kanjemi kawai, in na samu Baturen ai na samu yaronsa.

Muka bi ta Badarawa, wadda ta fi kama da ƙauyukanmu, ga gidajen ƙasa ga dawa ta yi kore shar a bayan gida, har na ji numfashina ya dawo. A bakin hanya muka tsaya wurin wata mai tuyar ƙosai, Kirista ce daga ƙasar kudancin Zazzau, mijinta kafinta, Hausa a bakinta kamar a Kano aka yanke mata cibi. Na ce mata muna neman Kanjemi. Ta ce, "Allah sarki, Kanjemi! Ai shi ya yi wa autana kaciya. Hannunsa sanyi gare shi, Malam, yaron ko kwana uku bai yi yana kuka ba." Na dubi abokina, ya dube ni. Na ce, "Kanjemin dai?" Ta ce, "Shi fa," ta juya tana kwashe ƙosai kada ya ƙone.

Ban gama haɗiye wannan ba muka isa wani ɗan masallaci, muka tarar da dattijo a kan buzu. Shi da jin sunan ko magana bai tsaya yi ba, ya zame hula ya juya mana ƙeya ya ce, "Ga aikinsa nan, tun da ya yi mini ciwon kan ya sake ni." Na matsa na duba shaidar ƙahon. Kowane gidan wanzamai da yadda yake jera tsagarsa, tamu gajeru ce, layi uku, na tsakiya ya ɗan fi tsawo. Ita ce na gani a ƙeyar bawan Allahn nan, sak. Muna barin wurin abokina ya kama hannuna ya ce, "Malam, ai magana ta fito. Musaya suka yi. Habu ya koya wa Bature wanzanci, Bature ya biya shi da suna." Wallahi na yarda. Na riƙa hango Bature da hular kwano, zabira a kafaɗa, yana sallama a ƙofar gidajen suna, asirin kakanninmu yana hannunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na tsara maganganun da zan gaya wa Habu tun daga nan har Malali, kowace ta fi 'yar'uwarta zafi.

A Malali an share fili an jera gidaje iri ɗaya, wasu an kai linta, wasu an fara ɗora kwano. Ƙurar siminti da ƙarar guduma da waƙar lebura sun cika wurin. Aka nuna mana Baturen a kan wani gini. Gajere ne kakkaura, rana ta gasa shi har na san Fulanin da suka fi shi haske, ya naɗe takardar buhun siminti ya yi hula da ita. Abin da ya fi ba ni mamaki, da hannunsa yake ɗora bulo, gumi na zuba, yana faɗa da Hausa da wani yare da kuma hannuwa duka biyu. Ban taɓa ganin Bature yana aikin da zai sa shi gumi ba. Na ƙura wa hannun ido, yatsu kamar taɓarya, duk siminti ya tsattsaga su. Ni ɗan wanzami ne ko ban iya ba, na san wannan hannu bai taɓa dafa kan jariri ba. To wa ya yi wa yaron mai ƙosai kaciya?

Abokina, da ba ya iya jira, ya buɗe murya ya ce, "Kanjemi!" Bature ya waiwayo daga sama. A daidai lokacin kuma wani ya amsa daga bayan rumfar ajiyar kaya, da muryar da na sani tun tana kukan neman nono. Muka zagaya. Ga Habu a gindin mangwaro, wani lebura ya sunkuya a gabansa da ƙaho biyu a gadon baya, a gefe kuma gwangwani a kan wuta ana tafasa asake a ciki. Yana ganina ya durƙusa, ya ce, "Yaya! Lafiya? Baba fa?" A zatonsa rasuwa na zo faɗa. Na ce Baba na nan da ransa. Maganganun nan da na tsaro tun daga Badarawa na neme su na rasa, ga shi kuma dole na kau da kai saboda ya zo cire ƙahon. Wanzami dai ba ya son jarfa, ɗansa malamin makaranta kuwa ko kallonta ba ya so.

Baturen ya sauko, da ya ji ni wan Habu ne ya kama hannuna ya girgiza har kafaɗata ta amsa, ya ce sai mun ci abinci. Habu ya raɗa mini cewa kukunsa Musulmi ne, in ci ba komai. Taliya aka kawo da jar miyar tumatir, ba yaji ko kaɗan, abokina ya ci kwano biyu yana cewa ba daɗi. Bayanta aka kawo gahawa a wani ɗan kofi kamar na wasan yara, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Da na ga Baturen ya sake, na yi ta maza na tambaye shi dalilin da ya sa ya ba ƙanena sunansa. Ya yi dariya ya ce, "Malam, ni ban ba shi ba. Nasa ne. Ni ajiya aka ba ni."

Ga yadda ya warware mini, in warwarewa ce. Ya ce bara bayansa ya riƙe, har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi. Habu, yana lebura a lokacin, ya ce in ya yarda zai gwada masa abin gidansu, ya je wurin mahauta ya samo ƙaho ya gyara. Da aka gama Bature ya ga ƙahon da jinin, sai ya tuna abin da ya daɗe da mantawa, ya tashi a gaban lebura duka ya nuna Habu ya ce wannan shi ne Kanjemi na gaskiya. Lebura kuwa ka san su da suna, kafin sati ya zagayo ya bi Habu har Badarawa.

Ya ce shi mutumin wani tsibiri ne a ƙasarsu, Sisili, kuma a zamanin da, shekaru wajen dubu, Larabawa Musulmi sun mulki tsibirin tsawon lokaci. Sun tafi, amma sun bar sunaye a kan rijiyoyi da garuruwa da mutane. Ubansa ya tashe shi a kan cewa Kanjemi sunan wasu manyan masu gonaki ne da arziki ya guje wa. Sai da ya zama saurayi wani fada na coci mai karance-karancen tsofaffin littattafai ya ce masa ba haka ba ne, kalmar Larabci ce, hajjam, mai aski da ƙaho. Ya ce ranar haushi ya hana shi cin abinci, shi da ke jiran a ce masa jikan sarki ne. Hajjam dai na san ta, mun karanta a littattafan fiƙihu a zaure. Abin da ban gane ba shi ne yadda ta zama Kanjemi. Ya ce maƙogwaronsu ba ya iya fitar da harafin farko, sai suka mayar da shi abin da bakinsu zai iya, sauran kuma shekaru suka cinye. Na so in yi musu, sai Habu ya ce a hankali, "Yaya, ni ma fa Abubakar aka raɗa mini."

Na tambayi Baturen ko ubansa na aski. Ya ce masunci ne. Kakansa fa? Shi ma masunci. A duk danginsu akwai wanda ya taɓa riƙe aska? Ya ce bai sani ba, amma kakarsa tana kifa wa mutane kofin gilashi a baya da 'yar wuta a ciki in sanyi ya kama su. Na ce to ai ga shi nan, gado ne. Ya ce a'a, ita ta wajen uwa ce, ba Kanjemi ba ce. Wato mai sunan ba ya yi, mai yi ba ta da sunan. Ya ƙara da cewa a wurinsu suna ɗaya zuriya duka ke ɗauka, masunci da birkila da fada da jaririn da aka haifa jiya, kowa Kanjemi. Abokina ya ajiye cokali ya ce, "To wa ya yanka ragon sunan?" Bature ya buɗe hannuwa ya ce wanda ya yanka da wanda ya ci duk sun zama ƙasa. Sannan ya gama kashe ni da cewa shi ma fadan da "wataƙila" ya rufe maganarsa.

Da la'asar muka taka da Habu zuwa ɗakinsa a Badarawa, abokina ya tafi kasuwa ganin farashin goro. A hanya na faɗa masa halin idon Baba da saƙonsa, ban rage komai ba. Da muka zauna ya ce, "Yaya, a gida mu gida huɗu ne muke rabon kawunan gari ɗaya. Nan kuwa kowa baƙo ne, ba wanda ya zo da wanzaminsa. Za ka ga mutum an yi masa haihuwa, ranar suna ta zo, yana yawo a keke yana neman wanda zai aske masa ɗa. Ni na gudo ne daga aikin nan, na zo na tarar yana jirana." Na ce to ko sunan ya cire, in samu abin da zan kai wa Baba. Ya ce, "In na cire, wa zai same ni? Mai ƙosai ba ta san Habu ba." Na tambaye shi ko yana son zabirar. Ya sunkuyar da kai ya ce ta Baba ce, shi bai isa ya roƙa ba bayan yadda ya fita. Amma komawa gida, ya ce in yi masa aikin gafara, ba zai iya barin mutanen nan ba.

Washegari da hantsi, kafin mu tafi tasha, ya dubi kaina ya ce ba zai bar ni in shiga gaban Baba da wannan suma ba. Na zauna a kan turmi, ya jiƙa kan, ya ɗora yatsu uku a goshina ya karkatar da shi. Na rufe ido. Yadda ya dafa, da yadda askar ke tafiya ba ka jin ta, da ɗan tsakin da yake yi in ya zo bayan kunne, duk na Baba ne lokacin da muke yara. Hawaye suka zubo mini, na ce masa sabulu ne, shi kuma ya yi mini kara bai ce ba da sabulu yake aski ba.

Komowa ba ta ba mu wahala ba. A tashar arewa, wato ta farko, muka shiga, abokina yana gaya wa fasinjoji cewa baƙi da yawa suna kuskuren wucewa ta biyu. Sandar nan ta hanyar Funtuwa ma a ɗage muka same ta. Ni dai tun daga Zariya nake juya yadda zan yi wa Baba bayanin tsibiri da Larabawa da masunta, kowane gefe na kama sai ya zame.

Na same shi a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, ya miƙo hannu don ya tabbatar ni ne, hannun ya sauka a kaina, hulata ta zame. Ya shafa daga goshi zuwa ƙeya, ya sake shafawa, ya tsaya a bayan kunne. Ya ce, "Yana aiki ke nan." Na ce yana yi, Baba, har an san shi. Daga nan na kwashe labari duka na faɗa masa, yadda na iya. Bai katse ni ba sai da na kai kan ma'anar sunan. Ya ce, "Shi Nasaran, ya iya aski?" Na ce ko kusa, su sun bari tun zamanin da ba wanda ya tuna, sunan kawai ya rage musu. Ya ce, "Shi kuma Habu ba ya zuwa." Na ce ba ya zuwa. Sai Baba ya tashi ya laluba bango ya sauko da zabirar daga maratayinta, ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Ka ba direban nan ya kai mashi. Su sun riƙe suna sun yar da aska. Gara mu a kira mu da kowane suna, askar na hannu."

An ce tafiya mabuɗin ilimi, ni dai tawa ta buɗe mini abin da ban san yadda zan rufe ba. Na koyi cewa Kaduna tasha biyu gare ta, Bature iri-iri ne, kuma in kana neman ɗan'uwanka ka faɗi sunansa ka bar jin kunya. Na koyi cewa suna yana iya yin tafiyar da mai shi bai sani ba, ya ƙetare teku a kan masunci ya zo ya sauka a kan lebura a Malali. Amma an aike ni in cire suna in dawo da mutum, sunan yana nan, mutumin bai dawo ba, zabirar kakanmu kuma ni na kai ta wurin direba a bakin kasuwa da hannuna. In riba ce wannan ko hasara, ni ban sani ba, kuma na daina yi wa kaina alkawarin zan sani.

Ranar da motar ta tafi da ita, Baba ya sa babbar rigarsa ya ce in kama masa hannu. Gida-gida muka bi, duk gidajen da shi da ubansa suka yi wa aiki, yana sallama yana cewa ya ajiye aska, a yafe masa in ya taɓa yanka wani ba daidai ba. Gidan ƙarshe na wani manomi ne da matarsa ke da tsohon ciki, wanda shi kansa Baba ne ya yi masa askin suna. Mutumin ya ce, "To Sarki, in ta sauka wa za mu kira?" Baba ya ce, "Ku kira Tanko na bakin kasuwa, hannunshi ba laifi." Tanko shi ne wanzamin da suka shekara ashirin suna takun saƙa da Baba, ban taɓa jin sunansa a bakinsa ba sai ranar. Ya ƙara damƙe hannuna ya ce, "Mu tafi gida, Malam, na gaji."